Yadda ake tattara robobin maganin feshi daga hannun manoma, da inda ake kai su

Tambaya: Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman rani a yankin Kura, jihar Kano. Duk shekara robobin maganin ciyawa da na ƙwari suna cika bakin gonaki da hanyoyin ruwa, wasu kuma ana kai su gida ana zuba ruwa ko mai a ciki. Muna so mu fara tattara su. Ta ina za mu faro, me za mu tanada, kuma in mun tara ina za mu kai su?

Amsa: Malam sakatare, Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Zan sauya wa tambayoyinku jeri, domin ita tattarawar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Shiri irin wannan a wuri biyu yake tsayawa ko ya rushe: a bakin gona, cikin 'yan mintunan da manomi ya juye ƙarshen maganin a injin feshi, da kuma ranar da mota za ta zo kwashe abin da kuka tara. In robar ta zo muku a wanke, a huje, a bushe, kuma kun san wanda zai karɓa tun kafin ku yi shela, abin da ya rage buhu ne da rumfa da littafi. In ɗaya daga cikin biyun nan ya kuskure, to kun kwaso gubar da ke warwatse a gonaki ɗari kun jibge ta wuri guda a gefen gari, kuma hakan ya fi halin da kuke ciki yanzu muni.

Mu fara da abin da ke cikin robar da ake cewa ta ƙare. Ku ɗauki gorar lita ɗaya ta maganin ƙwari, irin mai kama da mai ɗin nan da ke komawa fari kamar madara in ya taɓa ruwa. Bayan an juye ta, ku karkata ta wajen haske ku duba. Za ku ga magani ya kwanta a kafaɗar gorar, ya taru a lungun gindinta, ya maƙale a zaren da murfi ke hawa. In jarka ce mai lita 5, cikin hannunta ma rami ne, can yake ɓuya. Wannan ragowar tsantsar magani ce, ba a tsarma ta ba. A ce takardar maganin ta ce a zuba mililita 40 a injin goyo mai lita 16. Cokalin shayi ɗaya da ya rage, wato mililita 5, ƙarfinsa ya kai na lita 2 na ruwan feshi. A irin wannan gorar ake zuba wa yaro ruwan zuwa kiwo. Wasu magungunan kuwa ba sa ɗaga ƙafa: farakwat, maganin ciyawar da manoma suka fi sani da giramazon, kurɓa ɗaya ta tsantsarsa tana iya kashe babban mutum, yana cin huhu a hankali cikin kwanaki, kuma ba shi da makari.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Sinadarin da ake narka maganin mai kama da mai a cikinsa yana ratsa jikin robar ya zauna. Shi ya sa uwargida za ta wanke jarkar da omo da toka har sau goma, amma rana na dukanta warin ya dawo. Saboda haka ku sa wannan a gaba a duk wa'azin da za ku yi wa manoma: wankin da zan bayyana yana sa robar ta zama mai aminci wajen ɗauka da ajiyewa da sarrafawa, amma har abada ba ya mayar da ita mazubin ruwan sha, nono, man gyaɗa ko butar alwala.

Wankin sau uku ake yi, kuma lokacinsa shi ne lokacin haɗin ƙarshe, robar na jiƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai feshi, da safar hannunsa ta roba, ya zuba ruwa zuwa rabin tankin injin, ya juye ragowar maganin, ya bar gorar a kife a bakin tankin har sakan 30 bayan ta koma ɗiga. Sai ya zuba ruwa mai tsabta kwatar gorar, wato mililita 250 a gorar lita ɗaya, ya rufe gam, ya girgiza da ƙarfi sakan 30, sama da ƙasa da gefe da gefe, yadda ruwan zai daki ko'ina har cikin hannun. Ya juye ruwan wankin cikin tankin, ya sake barin ta ta tsane sakan 30. Ya maimaita sau biyu. A zagayen farko ruwan zai fito fari fat, a na biyu ya yi shara-shara, a na uku ya kamata ya fito garau. In bai fito garau ba, a ƙara na huɗu. Wannan ya fi faruwa da magani mai kauri kamar kunu, irin su atarazin na ruwa, wanda ke kwanciya a gindi ya daskare. Murfin ma a ɗauraye shi a ɗan mazubin awo a juye a tankin. Daga nan sai a cika tankin zuwa layin lita 16, a fesa a gonar da aka sayi maganin dominta.

Manoma kan ce me ya sa ba za a cika gorar sau ɗaya a girgiza a huta ba. Lissafin ne ya hana. A ce duk juyewa tana barin mililita 5 a jikin gorar. In an zuba 250, abin da ya rage ya tsarmu zuwa kashi ɗaya cikin 51. Sau uku a jere, ya koma kashi ɗaya cikin sama da 130,000. In kuwa an zuba ruwan duka, mililita 750, a zubi ɗaya, kashi ɗaya cikin 151 kawai za a samu. Ruwan ɗaya ne, bambancin ya kusa ninki dubu. Kuma gorar da aka cika maƙil ba ta girgizuwa, ruwan ba ya samun wurin dukan bango. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da hukumar lafiya ta duniya sun fitar da jagora kan wannan batu a 2008, inda suka ba ƙasashe shawarar a ɗauki robar da aka wanke haka aka kuma duba ta a matsayin sharar da ba ta da haɗari, a kuma hana ƙone ta ko binne ta a gona.

Ga inda ake yawan ɓata aikin. Na farko, a yankinku musamman, shi ne tsoma gorar a cikin hanyar ruwa a ɗauraye. Ruwan da ya taso daga madatsar Tiga ba a gonarku yake ƙarewa ba. A gaba akwai mai wanki, akwai mai shayar da shanu, akwai yara masu wanka, akwai kifi. A ɗebi ruwa da bokiti mai tsabta, a matsa nesa da bakin ruwan, a yi haɗi da wanki a can. Na biyu shi ne watsar da ruwan wankin a ƙasa. Ruwan nan magani ne da aka biya kuɗinsa, wurinsa tanki. Na uku shi ne jinkiri. In aka jefar da gorar a rana kwana biyu, maganin ya bushe ya zama ɓawo, ruwa ba ya fitar da shi sosai, kuma ko ya fitar an gama feshi, babu tankin da za a juye. Game da manyan jarkoki, ku lura cewa kwatar jarka mai lita 20 lita 5 ce, sau uku lita 15, ta kusa cika injin goyo. A nan sai a raba ruwan wankin a haɗi biyu ko uku na ƙarshe. Duro mai lita 200 kuwa ba aikin manomi ɗaya ba ne, a mayar wa wanda ya kawo shi.

Da an gama wanki sai huji, nan take. A ware ƙusa babba ko wata wuƙa ta wannan aikin kaɗai, kada ta koma kicin ko yankan albasa. A huda gindin wuri uku ko huɗu, ko a tsaga shi, amma a bar takardar da ke jiki, domin mai dubawa yana bukatar sanin abin da ya zauna a ciki. Hujin yana da amfani biyu. Robar da ba ta riƙe ruwa babu mai sha'awar kai ta gida. Sannan masu haɗa jabun magani gora mai kyau da takardarta suke nema, su ɗura ruwa mai launi su mayar kasuwa, manomi ya fesa ciyawa ta ƙi mutuwa. In kun gaya wa manoma wannan dalili na biyu, za ku ga sun fi saurin karɓa. Bayan huji a kife gorar a kan tsinke ta bushe, murfi a buhu dabam, saboda sau da yawa robar murfi ba irin ta gorar ba ce kuma masu narkawa ba sa son a gauraya.

Ba kowane mazubi ake wankewa ba, kuma a nan ne ake samun haɗari mafi girma. Ledojin maganin gari, da ƙananan ledojin maganin gauraya iri masu launi, a kakkaɓe su sosai cikin haɗin, iska tana bayan mutum, a naɗe, a sa a leda mai kauri a ɗaure. Yawancinsu roba ce da aka manna da siririn alminiyam, ba sa narkuwa su zama wani abu, tanderu mai tsananin zafi, wanda zan yi bayaninsa a gaba, shi ne makomarsu. Gwangwanin ƙwayar da ake sa wa hatsi a rumbu ko a buhu, mai fitar da iskar fosfin, shi ne abin tsoro. Garin da ya rage a ciki in ya sha danshi yana ci gaba da fitar da iskar, kuma in ta taru a rufaffen wuri tana kisa, tana iya kamawa da wuta. Kada a zuba masa ruwa a rufe, kada a cusa shi a leda tare da jiƙaƙƙun robobi, kada a kwana ɗaki ɗaya da shi. A buɗe murfin, a ajiye shi a fili inda ruwan sama ba ya taɓawa, nesa da mutane da dabbobi, na wasu kwanaki, sannan a tara shi a kwandon waya shi kaɗai. Gwangwanin fesa maganin sauro kuma ba a huda shi, ba a sa shi a wuta. Sai gorar da har yanzu akwai magani a ciki, ko wanda ya lalace ko wa'adinsa ya wuce. Wannan ba fanko ba ce, kada ku juye ta don ku samu robar. A bar ta a rufe, a tsaye cikin duro mai yashi a gindi, a rubuta sunanta da yawanta, a sanar da hukuma.

Yanzu tambayarku ta ƙarshe, wadda ya kamata ku warware kafin ku sayi ko buhu ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafita ta gaskiya uku ce.

Ta farko ita ce a mayar wa masu maganin. Kamfanin da ya shigo da shi ko ya ɗura shi, da babban dilan da ya rarraba, su suka ci ribar abin da ke cikin gorar, kuma motarsu da ta kawo kaya fanko take komawa. Ku lissafa kamfanoni uku ko huɗu da kayansu suka fi yawa a gonakinku, ku rubuta musu da sunan ƙungiya, ku nemi su faɗa a rubuce ko za su karɓa, nawa, kuma yaushe. Ku kai kwafin wasiƙar ga hukumar NESREA, wadda kula da dokokin muhalli ke hannunta kuma take da tsarin ɗora wa mai kaya alhakin shararsa, da ma'aikatar muhalli ta jiha, da KNARDA, hukumar bunƙasa noma da raya karkara ta jihar Kano, ta hannun malamin gonarku. NAFDAC ce ke yi wa magungunan rajista, ita za a kai wa rahoton jabu da haramtattu in kun ci karo da su. 'Yan'uwa na Nijar sai su bi ta ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma.

Ta biyu ita ce masu narka roba, kuma a nan sai an buɗe ido. Yawancin gororin nan robar HDPE ce, za ku ga lamba 2 cikin alama mai kusurwa uku a gindinsu, kuma tana da kasuwa. Kano cike take da masu niƙa roba, 'yan jari-bola kuma ba za su ƙi saye ba. Amma robar da aka niƙa ba tare da an san asalinta ba tana iya dawowa gidanku a matsayin buta, bokiti ko robar cin abincin yara. Tambayar da za ku yi wa duk mai saye ita ce me zai ƙera da ita. Abin da aka yarda da shi shi ne kayan da ba sa taɓa abinci, ruwan sha ko jikin mutum: bututun da ake zura wayar lantarki, bututun magudanar ƙazanta, turakun shinge, katakon roba na ɗora kaya, ko sabuwar gorar maganin feshi. Ku je masana'antar da ƙafarku, ku ga inda ruwan wankinsu ke tafiya, ku sa yarjejeniyar a takarda. Wanda ya ce ku dai kawo kada ku damu, ku bar shi da kuɗinsa.

Ta uku ita ce ƙonawa a tanderu mai tsananin zafi, don ledoji da robobin da ba su wanku ba. Wutar da ake hurawa a bayan gona ba ta kai ko kusa ba. Tana narka robar, ta tashi maganin ya zama hayaƙi, ta kuma haifar da wasu gubobi da ake kira dayoksin waɗanda ke sauka a ciyawa da ƙasa su shiga nono da nama. Sharar da ke da sinadarin kulorin tana bukatar zafin da ya kai digiri 1,100, hayaƙin ya zauna cikin wannan zafin aƙalla sakan 2, sannan a tace shi. Ƙaramin tanderun bulo na asibiti ba na wannan aikin ba ne. Tanderun siminti yana dafa dutse a wajen digiri 1,450, shi ya sa ƙasashe da dama ke amfani da shi. Muna da kamfanonin siminti a Sakkwato, Ashaka da Obajana, Nijar na da na Malbaza, amma samun tanderu dabam, samun izini da tsarin karɓar irin wannan shara dabam. Hukumar muhalli ce za ta nuna muku wanda ke da lasisi. Binnewa kuwa a fadama, inda ake tarar da ruwa bayan haƙan 'yan mitoci, zuba guba ce a rijiyar gobe.

In kun bi duk ƙofofin nan ba a buɗe ba tukuna, kada ku yi shelar a kawo komai da komai. Ku fara da koyar da wanki da huji, ku karɓi wankakkun kawai ku adana. Wannan kaɗai ya kawar da mafi yawan haɗarin, kuma tarin wankakkiyar roba mai nauyi a rubuce shi ne abin da zai sa kamfani ya saurare ku.

Wurin ajiya ba ya bukatar tsada, amma yana da sharuɗɗa. Ya kasance a tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya, hanyar ruwa, makaranta da gidaje. In an samu tazarar mita 50 ko fiye, madalla. Daɓen siminti mai ɗan gefe kamar tsawon tafin hannu, don abin da ya zube kada ya gangara waje. Rufin kwano, domin rana tana gasa robar ta yi ta farfashewa, ruwan sama kuma yana cika ta. Bango na wayar raga don iska ta ratsa, ƙofa da kwaɗo, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. A ciki a ajiye bokitin yashi, shebur, tsintsiyar da ba ta fita, ruwa da sabulu. Don girman wurin ku yi wannan lissafi: gorar lita ɗaya nauyinta wajen giram 100 ne, ke nan gora 10,000 ne ke ba da kusan tan ɗaya, kuma in ba a matse su ba za su cika ɗaki mai mita 3 da mita 4 har kusan kafaɗar mutum. Ku zagaya shagunan magani na yankin ku tambayi katan nawa suke sayarwa a kakar noma, daga nan za ku san abin da ke jiranku. Wannan lissafin ne kuma ke nuna matsalar mota: in ba a matse ba, iska kuke biyan kuɗin ɗauka. Injin matse roba ya ɗaure ta dami-dami yana rage girman tarin ninki da yawa. Niƙawa kuwa ku bar wa masana'anta, tana tada ƙura mai magani.

Ranar karɓa ta fi kyau a sa ta sau biyu a shekara: bayan kaka, lokacin da feshin ciyawar damina da na wake ya wuce, da kuma ƙarshen noman rani kafin ruwan farko, bayan tumatir da albasa da alkama. Ku haɗa ta da ranar kasuwa, ku kuma tura a-kori-kura ƙauyukan da ke nesa, domin ba wanda zai biya kuɗin babur don ya kai gora shida. Tsakanin ranakun, kowane rukunin gonaki ya samu kejin waya mai kwaɗo, ko kowane manomi ya rataye buhunsa a gona, ba a ɗakin kwana ko kusa da hatsi ba.

A wurin karɓa mutum biyu sun isa, amma sai an horar da su: safar hannu mai kauri har gwiwar hannu, takalmin roba, riga mai dogon hannu, tabarau, takunkumi. Ba ci, ba sha, ba goro, ba taba sai an wanke hannu. Kowace gora a duba ta ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje da zaren baki. Ba a sunsunawa. A shafa yatsa mai safa a cikin wuyan gorar. In wani abu ya biyo safar, ba ta wanku ba. Amma ku bambanta ragowa da rini. Wasu magungunan, kamar maganin ciyawa mai launin rawaya da ake fesa wa albasa da shinkafa, suna rina robar har abada. In launin bai biyo safa ba kuma gorar a bushe take, a karɓa. Sai a ware: masu lamba 2 wuri guda, masu lamba 1 masu garau kamar gorar ruwan sha wuri guda, ƙarfe, murafu, ledoji, sai marasa wanki a duro mai murfi. A Jamus, inda tsarinsu mai suna PAMIRA ke aiki tun 1996, gorar da ba ta wanku ba mai ita ake mayar wa. A wurinmu ban ga hikimar hakan a shekarar farko ba, domin wanda aka kora da gorarsa a kwalbatin farko zai jefa ta. In kuna da inda za ku kai marasa wankin, ku karɓa amma ba lada, ku nuna masa yadda ake yi a wurin da gora da ruwa zalla.

Maganar lada ita ce mafi wuyar sha'ani, kuma dalilin a fili yake: a ƙauye jarka dukiya ce. Kuna roƙon mutum ya huda abin da zai iya sayarwa ko ya zuba kananzir. Ku shiga kasuwa ku ji nawa ake sayar da fankon jarka mai lita 5, ladanku kada ya gaza haka. Hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda kowa ya sani daga kwalbar lemo: a ɗora ɗan kuɗi a kan gora ranar saye, a mayar ranar da ta dawo a wanke a huje, ko a rage shi daga kuɗin sayayya ta gaba. Wannan sai da haɗin kan masu shaguna, don haka su zauna a kwamitinku tun ranar farko. Abin da zan hana ku da babbar murya shi ne biyan tsabar kuɗi ga duk wanda ya kawo gora. Ranar da labari ya bazu, yara da almajirai ne za su bazama gonaki suna tsintar robobi masu guba da hannu, suna wanke su a hanyar ruwa don su samu karɓuwa. A karɓa daga babba kawai, wanda sunansa ke littafin ƙungiya ko na shago.

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan aiki ita ce Brazil, kuma abin koyi a wurinsu shi ne yadda suka raba nauyin. Dokar da suka yi a 2000 ta ce manomi ya wanke, ya huda, ya mayar cikin shekara ɗaya daga ranar saye. Mai shago dole ya rubuta a rasit inda za a mayar, ya kuma tanadi wurin. Kamfanonin magani, ta hannun wata cibiya da suka kafa mai suna inpEV wadda ta fara aiki a 2002, su ke kwashewa su kai narkawa ko ƙonawa da kuɗinsu, kuma motocin da suka kai magani su ke dawowa da fanko. Gwamnati tana ba da lasisi tana sa ido. Da haka suke dawo da sama da kashi 90 cikin 100 na robobin da aka sayar. Gonakinsu manya ne, jarkokinsu manya, namu kuwa ƙananan gorori ne a hannun dubban mutane, saboda haka ba za a kwafo tsarin yadda yake ba. Amma rubuta wurin mayarwa a rasit, da amfani da motar da ke komawa fanko, ba sa bukatar jiran doka.

Ku kuma lura da su wa ke riƙe gorar a zahiri. Sau da yawa ba mai gonar ba ne, matasan da ake ɗauka feshi ne. Mutum goma daga cikinsu suna buɗe gororin da suka fi na manoma ɗari. Ku tara su, ku koya musu, ku sa a cikin sharaɗin aiki cewa ba a cika musu kuɗi sai sun miƙa gora a wanke a huje. A ɗaya gefen kuma, masu amfani da jarkar a gida mata ne da yara, kuma ba sa zuwa taron ƙungiya. Saƙon ya bi ta Islamiyya, ta ma'aikatan asibitin awo, ta liman ranar Juma'a, ta mai unguwa da sarkin noma. In kuna da hali, ku yi ranar musaya: a kawo jarkar magani da ake zuba ruwa a gida, a karɓi sabuwa.

Ko da an kiyaye, wata rana magani zai zubar wa wani. A cire kayan da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa minti 15. In mutum ya fara zubar da yawu, gumi, amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi na yi masa wuya, wannan alamar gubar dangin fiya-fiya ce, asibiti kai tsaye, a tafi da gorar ko takardarta a leda don likita ya san abin da zai yi. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai da gangan.

Ranar kwashewa, motar kada ta haɗa da hatsi, dabbobi ko fasinja a baya. A ɗaure buhunan, a rufe da tamfol, a auna a rubuta nauyin kowane kashi, direba ya sa hannu, wanda ya karɓa a can ya ba ku takardar shaida mai nauyi da kwanan wata. A littafinku kuma, ban da sunan manomi da ƙauyensa da adadin da ya kawo, ku buɗe shafi uku: gora nawa shaguna suka sayar a kakar, nawa suka dawo, cikin waɗanda suka dawo, nawa ne wankakku. In dawowar ta yi ƙasa, ku duba lada da nisan wurin karɓa. In dawowar ta yi kyau amma wankin ya yi ƙasa, ku duba sunayen ƙauyukan da marasa wankin suka fito, ku koma wurin masu feshinsu da gora da bokiti kafin a fara haɗin kaka mai zuwa.